Usaini Firiza da Allurar Surukinsa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kura zuwa Bunkure da bazara, maƙogwaronsa ya bushe, da wuya bai tsaya a Bakin Kwalbati ya sha zoɓon gidan Usaini ba. In ya tsaya kuwa ya ga mutumin: gajere, mai faɗin ƙirji, ga ɗan tumbi kamar ya haɗiyi kabewa, kullum da tsumma a kafaɗa yana goge hannu. In ka shiga garin kana cigiyar Usaini za a tambaye ka wanne, don suna da yawa. Amma ka ce Usaini Firiza, ko akuya sai ta nuna maka ƙofar gidan.

Ɗan tagwaye ne. Hassan ɗinsa tun suna samari ya bi motocin tumatir zuwa Ikko, ya samu wuri ya zauna, ya bar wa Usaini gonar gado a bakin kanal, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin yankin. Ana cewa tagwaye ba su da tsoro, to ga alama Hassan ne ya kwashe rabon su biyun ya tafi da shi. Usaini dai in ba a sako ruwa ba ba ya iya cin tuwo, in an sako da yawa ba ya iya zama wuri guda. Ganye ɗaya ya yi rawaya a gonarsa, sai ya zagaye gari yana tambayar ko annoba ce.

Wata kakar tumatir, cikin shekarun farko na dubu biyu, kaya suka yi yawa, masu saye suka yi yanga. Kwanduna suka jeru a bakin titi suna tsiyayar da ruwa, har jakuna suka ƙoshi suka riƙa kau da kai. Usaini ya tsaya a kan nasa kwandunan, ƙuda na bin ƙafarsa, ya rantse shi da abin da ke ruɓewa har abada. Ya ba da aron gonar, ya sayar da injin ban ruwansa da raguna, ya tafi Kano. Da yamma sai ga shi a bayan akori-kura, ya rungume wata tsohuwar firiza fara, doguwa kamar makara, yana yi wa direba ihu ya bi ramuka a hankali.

A garin ba a taɓa ganin irinta a gidan kowa ba. Matarsa Murja ta kama dafa zoɓo da kunun aya, shi kuma yana ƙulla ruwa a leda ya zama ƙanƙara. Kafin a jima kowa ya gano yana da abin da ke bukatar sanyi. Masu su suka kawo kifi, da babbar salla aka cika ta da naman layya, wata tsohuwa ta kawo goronta, wani kuma ya kawo batiran rediyonsa wai sanyi na mayar musu da ƙarfi. Usaini bai taɓa cewa a'a ba. Aƙidarsa guda ce, yana faɗinta kamar karatu: zafi ne ke ɓata abu, sanyi bai taɓa ɓata komai ba.

Sai dai firizar Usaini ba a zuba mata kaya haka kawai. Da yake wutar lantarki baƙuwa ce, ta zo yau ta tafi gobe ba sallama, ya lura in an ɗauke ta kayan sama ne ke fara narkewa, na ƙasa su daɗe da ƙarfinsu. Don haka ya tsara ta bisa daraja. Kusa da murfi, nan ne wurin masu yawan ƙorafi da waɗanda suka taɓa ɓata masa rai. Tsakiya kayan sayarwa. Can ƙasa kuwa, a kusurwar da ƙanƙara ta yi gemu, inda in ka sa hannu sai yatsunka sun yi zugi, nan ne mazaunin manya. In kana son sanin matsayinka a zuciyar Usaini, ba sai ka tambaye shi ba, ka duba zurfin da yake sunkuyawa kafin ya ciro maka namanka.

Taubashinsa Maharazu, mai gyaran janareta da injinan ban ruwa, shi ya laƙa masa sunan Firiza. Maharazu ya taɓa zama a Sabon Gari, ya tsinto 'yan kalmomin Turanci yana taƙama da su. Shi ya bayyana wa 'yan majalisar gindin mangwaro cewa sunan na'urar daga wata kalma ya fito, firiz, kuma Turawa ba a ruwa kaɗai suka tsaya da ita ba. In faifan bidiyo ya tsaya cak, jarumi ya bar baki buɗe, ya yi firiz. In banki ya hana mutum taɓa ajiyarsa, an yi masa firiz. In gwamnati ta dakatar da ɗaukar ma'aikata, nan ma firiz. Ɗan sanda a fim in ya nuna bindiga ita yake faɗa, kowa ya ƙame. Gari ya ɗauka kamar wutar daji. Jaki ya turje a kan kwalbati, a ce ya yi firiz. Ɗalibi ya manta haddarsa, ya yi firiz.

"Amma duk garin nan," in ji Maharazu, "ba mai yin firiz na gaske irin mutumina in ya hango surukinsa. Ko hancinsa ba ya motsi."

Wannan kam ba sharri ba ne. Malam Badaruddeen, mai makarantar Islamiyya ta bayan masallaci, shi ya koya wa Usaini karatu tun yana yaro, shi kuma ya ba shi 'yarsa Murja a lokacin da ba shi da komai sai gona da fartanya. Dogo ne, mai sanyin murya, yana koyarwa da safe, da yamma ya shiga shinkafarsa. Usaini bai taɓa kallon tsakar idonsa ba. In sun haɗu a hanya tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ko da kuwa a kan ƙaya ne.

A bazarar dubu biyu da biyar Malam ya fara ramewa. Riga ta yi masa yawa, ga ƙishirwar da randa guda ba ta kashewa, ga yawan zagayawa, har karatu na yankewa. Aka yi rubutu, aka yi saiwoyi, abin sai gaba. Daga bisani aka kai shi babban asibiti a Kano, aka ce ciwon suga ne, kuma ya wuce na ƙwaya. Ya dawo da 'yar kwalba ƙarama, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, da wani farin ruwa a ciki kamar ruwan gasara, da ledar sirinji. An koya masa yadda zai riƙa yi wa kansa allurar safe da yamma. Likita ya yi masa bayani mai tsawo, amma mutumin da ke fama da jiri ba duka yake riƙewa ba.

Ya aika a kira Usaini. Usaini ya zo ya durƙusa a bakin zaure, kai a ƙasa.

"Allah gafarta Malam, ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya. Matso, Usaini, ba cizo zan yi ba. Ka ga wannan 'yar kwalbar? Likita ya ce bayan ikon Allah, raina a cikinta yake. In ta lalace, ni ma na bi ta. Ya kuma ja kunnena kada in bari ta ji zafi. Ɗakina kuwa ka san shi, da azahar ko ƙwai ka ajiye sai ya dahu. Na ba ka amana."

Usaini ya miƙa hannu biyu ya karɓa. Daga zauren zuwa gidansa bai amsa gaisuwar kowa ba. Yana shiga ya buɗe firiza, ya kwashe naman mai unguwa daga kusurwar manya ya maido shi tsakiya, ko a jikinsa. Ya naɗe kwalbar a sabon hankici, ya sa a gwangwanin madara, ya kwantar da ita can ƙasa, ya jera mata ƙanƙara ta kowane gefe. Ran surukinsa ne, ina zai ajiye shi in ba a wuri mafi daraja ba?

Washegari da asuba ya ciro ta ta zama dutse. Ya ji daɗi har cikin ransa, ya ce wa Murja, "Zo ki gani, ko likitan da kansa iyakar abin da zai yi ke nan."

"To da wannan dutsen Baba zai yi allurar?"

"Ke dai tsaya ki ga aiki."

Ya cusa kwalbar a hamatarsa, ya riƙa zagaye tsakar gida yana yarfe ɗaya hannun saboda sanyi, har ta narke. Ya kai wa Malam, ya juya baya don kada ya ga suruki ya ɗaga riga, aka gama, ya karɓo ta da gudu ya mayar da ita mazauninta. Haka ya ɗauki abin safe da yamma. Ranar da ya makara kuwa, a kofin ruwan ɗumi yake tsoma ta. 'Yan majalisa suka ga yana wucewa kullum hannu ɗaya a maƙale kamar kaza mai karyayyen fiffike, Maharazu ya ce, "Taubashi, ƙwai kake kwanci? In sun ƙyanƙyashe ka ba ni zakara."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," in ji Usaini, bai ko tsaya ba.

Amma Malam bai warke ba. Kwana na tafiya, ƙishirwar na nan, ramar na ƙaruwa. Ya fara cewa rubutun littafi na yi masa hazo-hazo. Ya daina zuwa gona, daga baya karatun ma a kishingiɗe yake ba da shi. Murja in ta dawo daga gidansu sai ta shige ɗaki, idonta ja. Hankalin Usaini ya tashi. A tunaninsa ba abin da zai hana magani aiki sai zafi, to ta ina zafin ke shiga? Ya murɗa firiza zuwa ƙarshen lambarta. Ya hana Murja buɗe murfin sai yana nan. Ya daina karɓar ajiyar kowa, wai yawan kaya na raba sanyi. Ya rage zagayen da yake yi da kwalbar, da ta fara narkewa sai ya ruga, kada ta sha iska a hanya. Tuwo in an ajiye masa sai dai kaji su yi biki.

Ana cikin haka, wata ranar kasuwar Bunkure da tsakar rana, aka ji ƙara kamar an harba bindiga. Taransifomar gari ta yi hayaƙi. Masu wuta suka zo suka leƙa, suka ce sai an kawo wata, ba su kuma faɗi rana ba. Usaini ya tafi wurin Maharazu ba hula a kansa.

"Taubashi, yau ba wasa na zo yi ba. Janareta nake so."

"Wadda nake da ita ta girme ni. Tari take yi kamar tsohon mai taba."

"Ko tana aman jini ka ba ni."

Aka kawo ta a baro. Ga shi ana wahalar man fetur, sai a galan a bakin titi, shi ma rabinsa kananzir. Usaini ya riƙa bin 'yan bumburutu har Kura. Janaretar ta yi 'yan kwanaki tana gurnani, unguwa ta cika da hayaƙi, sannan wata safiya ta yi tari biyu ta mutu. Maharazu ya kwance ta gaba ɗaya a kan tabarma, ya dubi kayan cikinta, ya ce, "Wannan sai dai a yi mata sutura."

A daidai lokacin kuma kwalbar farko ta ƙare. Usaini ya ɗauki katin likita ya tafi wani babban kantin magani a Kano ya sayo sabuwa. A hanyar dawowa ya tsaya duk inda ake sayar da ƙanƙara, amma bazara ce, wuta ta yi ƙaranci a ko'ina, abin da ya samu bai kai ya kawo shi gida ba. Ya iso da leda cike da ruwa, ya buɗe firiza, wani ɗumi mai warin kifi ya buge shi a fuska. Ya zauna daɓas a ƙasa da kwalbar a hannu.

"Shi ke nan, Murja. Na kashe Malam."

"Haba maigida, wace irin magana ce wannan? Kawo ta nan."

Ba ta da wata dabara sai wadda ta gada. Ta tone jiƙaƙƙen yashin da ke gindin randa a inuwar rumfa, inda take ajiye man shanu, ta sa gwangwanin ta mayar da yashi, ta yayyafa ruwa.

"Wannan ai wasan yara ne," in ji Usaini. "Ran mutum kamar Malam a gindin randa, inda kwaɗi ke kwana?"

"To kai ka kawo wutar."

Ranakun da suka biyo baya Usaini ya ga tashin hankalin da bai taɓa gani ba. Duk lokacin da ya tono kwalbar ya ji ta da ɗan sanyi-sanyi kawai, ruwa tsululu, sai gabansa ya faɗi. Yana miƙa wa Malam ita kamar mai miƙa guba, kunya kuma ta hana shi buɗe baki ya faɗi halin da ake ciki. In ya ji an ɗaga murya ta wajen masallaci sai ya miƙe zumbur, ya ɗauka salati ne. Ya je wurin mai unguwa a kan maganar taransifoma har mai unguwa ya fara ɓuya a bayan gida in ya ji sallamarsa. Ya bi gida-gida yana tara mutane a tafi ofishin masu wuta, shi da ko a taron suna ba ya iya magana.

Abin mamaki, a cikin waɗannan makonnin ne Malam ya fara miƙewa. Ƙishirwa ta lafa, ya nemi tuwon dawa da miyar kuka, hazon idonsa ya washe. Wata Juma'a sai ga shi ya tako da ƙafarsa zuwa masallaci, har ya tsaya duba shinkafarsa a hanyar dawowa. Gari ya yi ta hamdala. Murja ta ce, "Ka gani ko? Yashin nan bai yi laifi ba."

"Addu'ar ɗalibai ce ta riƙe shi," in ji Usaini. "Ke kin taɓa jin inda yashi ya fi inji? Allah dai ya kawo wutar nan kafin addu'ar ta gaji."

Aka kuwa kawo ta. Ranar da aka ɗaura sabuwar taransifoma yara suka yi ta ihu, Usaini kuwa har da ƙwallarsa. Ya wanke firiza tas, ya jira ta yi sanyin da yake so, ya tono gwangwanin ya share masa yashi, ya sauya sabon hankici, ya mayar da shi kusurwar manya. Ranar ya ci tuwo har da ƙari.

Ba a daɗe ba ciwon ya dawo, kuma da fushinsa ya dawo. Ƙishirwa, amai, ciwon ciki. Wata safiya Usaini ya je da kwalba a hamata, ya yi sallama a zaure ba a amsa ba. Ya sake, shiru. Ya leƙa, abin da bai taɓa yi ba, ya ga Malam a kwance a kan buzu, leɓɓansa sun bushe sun tsage, yana jan numfashi da ƙarfi kamar wanda ya yi gudu. Ya kira shi, Malam ya buɗe ido bai gane shi ba.

Maharazu ne ya tare wata akori-kura da ta sauke albasa. Aka shimfiɗa katifa a baya, Murja ta riƙe kan mahaifinta tana kuka ƙasa-ƙasa. Usaini duk da ruɗewar da ya yi bai manta amana ba. Ya koma gida da gudu, ya cika kula da ƙanƙara, ya binne kwalbar a tsakiya, ya rungume kular tun daga Bakin Kwalbati har Kano. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya dubi ƙirjin Malam ya ga ko yana ɗagawa.

A asibiti aka shige da Malam ciki, aka ɗaura masa ruwa. Can sai wata nas ta fito, babbar mace mai tabarau, ana ce mata Sista Baraka.

"Ina 'yan'uwan dattijon nan? Ya daina yin allurarsa ne?"

"Wallahi ko sau ɗaya bai tsallake ba, Hajiya," in ji Usaini. "Ni nake kai masa da hannuna."

"Ina maganin?"

Ya buɗe kular, ya tone ƙanƙara, ya miƙa mata da hannu biyu. Kwalbar ta sake ƙanƙarewa a hanya. Sista Baraka ta riƙe ta a tafin hannu har ta saki, ta ɗaga ta wajen hasken taga, ta juya. Maimakon farin ruwa mai laushi, sai wasu gudaji-gudaji suka manne a jikin gilashin kamar kunun da ya tsinke.

"A ina kake ajiye ta?"

Usaini ya ɗan gyara tsayuwa. A nan kam ya san ba shi da abin kunya. "A firiza, Hajiya, can ƙasa inda ya fi ko'ina. Kullum sai ta zama dutse. In ban da 'yan makonnin da wutarmu ta lalace, shi ma ba laifina ba ne, ba ta taɓa kwana a narke ba."

"A makonnin nan da ba wuta, yaya jikinsa ya yi?"

Usaini ya dubi kular da ke hannunsa. Murja ce ta amsa daga bayansa, a hankali. "Lokacin ne ya samu sauƙi. Har masallaci ya je."

Sista Baraka ta cire tabarau. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. "Bawan Allah, wannan maganin sanyi yake so, amma ba ya son ƙanƙara. Ranar da ya daskare, ranar ya tashi daga aiki, ko ka narkar da shi ba ya dawowa. Duk tsawon lokacin nan kusan ruwa dattijon nan yake tsira wa jikinsa. Yanzu sai ku yi ta addu'a, sugansa ya hau inda ba a so, muna iya ƙoƙarinmu."

Ta koma ciki da kwalbar. Usaini ya jingina da bango ya sulale ƙasa. Kular na gefensa a buɗe, ƙanƙara na narkewa tana bin siminti har ƙarƙashin ƙafafun mutane, mai shara ta zo tana mita, bai ji ta ba. Maharazu ya zauna kusa da shi. Mutumin da tun suna yara bai taɓa barin Usaini ya yi tuntuɓe bai yi masa waƙa ba, ranar ko tari bai yi ba. Ya dai tashi ya sayo ruwa ya ajiye masa, ruwan ya yi zafi a wurin ba a sha ba.

Azahar ta wuce. Duk wanda ya fito daga ɗakin da farar riga sai Usaini ya miƙe ya bi fuskarsa da kallo. Aka turo wani gado an lulluɓe mai shi har ka, Usaini ya kau da kai, sai da Maharazu ya leƙa ya dawo ya ce masa wannan gajere ne. Murja na ciki, ba ta fito ba, shi kuma ya rasa wanne ya fi tsoro, fitowarta ko rashin fitowarta. Rana ta yi sanyi, masu kawo abinci suka fara shigowa da kwanuka. Sannan ta fito, mayafinta a hannu, fuska duk hawaye.

"Ya buɗe ido. Ya tambaya ko an yi la'asar."

Malam Badaruddeen ya tashi, amma ba duka ya tashi ba. Ya daɗe a gadon asibiti, kuma tun daga wannan ciwon bai ƙara shiga shinkafarsa ba, salla ma a zaune yake yin ta. Usaini kullum yana asibitin, yana kawo abinci, yana wanke kwanuka, amma iyakarsa bakin ƙofa. Ana gobe za a sallame su Malam ya ce a shigo masa da shi. Ya shigo ya durƙusa nesa da gado, haɓarsa a ƙirji.

"Usaini, an ce ladabi ne ya yi maka yawa har ya kusa kai ni lahira."

"Allah gafarta Malam, ni ban da bakin magana. Duk abin da aka yanke mini daidai ne."

"Rashin sani ya fi dare duhu, kuma tare muka yi shi. Ni aka yi wa bayani, na dawo da rabi. Yanzu likita ya ce ba zai sake ni ba sai na kawo mutum guda a koya masa komai daga farko: yadda ake ajiya, yadda ake awo, da alamomin da in an gani za a garzayo da ni. Ya ce ba mai ilimi yake nema ba, mai tsoro yake so, wanda ba zai yi gangancin cewa ya iya ba. Na ce masa in dai wannan ne, ina da wanda duk Kano ba kamarsa. Tashi ka je, baiwar Allahn nan Sista Baraka tana jiranka."

Usaini ya so ya ce a nemi wani, amma ba a yi wa Malam musu. Ya tashi ya fita da baya-baya har ya yi karo da ƙofa.

Sista Baraka ta ɗauka aikin ɗan lokaci ne. Ta yi masa bayani, ya ce ta sake. Ta sake, ya maimaita mata, ya kuma ce ta sake don Allah. Ya tambayi yadda zai yi in ana ruwa, da in ana zafi, da in kwalbar ta faɗi ba ta fashe ba, da in Malam ya ce zai yi azumi, da in ƙuda ya sauka a kan murfin. Har lokacin tashinta ya yi, ta rataya jaka ta nufi bakin titi, yana biye da ita.

"Hajiya, saura guda ɗaya, daga ita ba zan ƙara ba."

"Haka ka ce tun azahar, Malam Usaini."

"Wannan ta gaske ce. In na zo ban gane ba, ranar da ba ki aiki, wa zan tambaya?"

Ta tsaya ta dube shi ta saman tabarau, ta sauke jakar daga kafaɗa. "Mu koma ciki," in ji ta, "in haɗa ka da sauran abokan aikina, kowa ya ɗanɗana."